Shekara Shida Ina Cewa "To, Yallaɓai"

Makon jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara shida. Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda wurin yake, don haka ba zan ɓata lokaci kan ayyukan yau da kullum ba. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai.

Shugaban sashenmu ba ya ɗaga murya. Da ma yana ɗagawa, da abin ya zo da sauƙi. Sai dab da tashi zai ba ka aiki, ya ce da safe yake so. In ka kawo ya ce ba haka yake nufi ba, in kuma aikin ya yi kyau ya kai wa na sama da sunansa. Ka nemi ƙarin bayani, ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ai ka san abin da ya kamata." Ni kuwa amsata ba ta canzawa: "To, Yallaɓai." A zatona haƙuri nake yi, ashe tara abin nake a ciki.

Jikina ya riga ni ganewa. Barci ya koma yanke mini ƙarfe uku na dare, wuyana ya sanƙare, da na ji ƙarar saƙo a waya sai gabana ya faɗi. Likitan da ya auna jinina ya ce jiki kan saki sinadaran adiranalin da kotizol in mutum ya firgita, don ya gudu ko ya kare kansa, kuma na ɗan lokaci ne. In firgicin ya zama na kullum, jini ya hau, barci ya lalace, fushi ya matso kusa. Daga baya na ci karo da binciken wani masani mai suna Robert Karasek na 1979, wanda ya nuna cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne mai yawan buƙata wanda kuma ba ka da ta cewa kan yadda za ka yi shi. Kai ka ce ofishinmu ya leƙa.

Ranar da ba na mantawa, Yallaɓai ya dawo mini da rahoto karo na huɗu. Ina fitowa daga wurinsa, wata sabuwar ma'aikaciya, watanta biyu da farawa, ta tare ni da takarda tana tambayar inda za ta sa hannu. Na daka mata tsawa a gaban kowa: "Ke ba ki da ido ne?" Ofis ya yi tsit. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Malam," takardar na rawa a hannunta. Muryata na ji a bakinta, irin wadda nake yi wa Yallaɓai magana da ita. Washegari na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Amma har na bar wurin ba ta sake tambayata wani abu ba, sai ta zagaye teburina ta je wurin wani. Duk abin da mutumin nan ya yi mini bai kai wannan ciwo ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar da ke cinye ma'aikaci da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, fita daga ran aikin, da raguwar ƙwazo. Ta ce tushenta matsin wurin aiki ne da ya daɗe ba a magance shi ba. Ina kawo wannan ne saboda da na kai kuka, bitar yini ɗaya aka tura mu kan yadda ake jan numfashi a kwantar da hankali. Shi kuwa Yallaɓai ba wanda ya ce masa uffan.

Sauran darussan gajeru ne. Duk umarni ka nemi a ba ka a rubuce. In an tashi aiki, a tashi da gaske. In ranka ya ɓaci, kada ka yi magana da na ƙasa da kai sai ka huce.

Da na kai masa takardar ajiye aiki, ya juya ta ya ce, "Ka yi tunani kuwa?" Na ce, "Na yi, Yallaɓai." Ban ƙara ko kalma ba, kuma hannuna bai yi rawa ba. Jiya aka gaya mini cewa ita wannan ma'aikaciyar aka mayar teburina, wanda ke bakin ƙofarsa. Tun da na ji nake juya lambarta a waya, ban dai kira ba tukuna.