Labarin kome a kwanakin Sallah: lissafin da ake yi kafin a fara rubutu

A cikin labaran soyayya, wanda ya fi kama zuciya shi ne na mutum biyu da suka taɓa aure, suka rabu, sai Sallah ta dawo da su garinsu lokaci guda. Ita ta zo daga Kano ko Kaduna inda take koyarwa, shi ya dawo daga Legas ko Fatakwal inda yake neman na kansa. Garin ƙarami ne, filin idi ɗaya, kasuwa ɗaya, kuma babu wanda bai san abin da ya faru tsakaninsu ba. Tun da rubutun soyayya ya bunƙasa a Kano a tsakiyar shekarun 1980, yawancin labaran na saurayi da budurwa ne, su ƙare ranar ɗaurin aure. Labarin kome ya fi su nauyi, domin mutanen cikinsa sun san juna ciki da bai, kowa ya ɗanɗana zuma da maɗacin ɗan'uwansa. Shi ne kuma ya fi saurin rushewa a hannun wanda bai yi lissafi ba.

Lissafin farko na shari'a ne. Kafin ka rubuta layi guda, ka yanke wane irin saki ne ya raba su. In saki ɗaya ne ko biyu kuma tana cikin idda, miji yana iya mayar da ita ba tare da sabon ɗaurin aure ba, to wannan gajeren labari ne, ba zai cika littafi ba. In idda ta cika, ta mallaki kanta. Dole ya shiga layin zawarawa kamar kowa, sai da yardarta, da waliyyi, da shaidu, da sabon sadaki. Nan ne filin da ya fi dacewa da kai, saboda magana ta koma hannun mace. Haka abin yake in hul'i ta yi, wato ta fanshi kanta: igiya ta yanke nan take, babu komawa sai da sabon aure.

Saki uku kuwa ƙofa ce a rufe. Ba ta halatta gare shi sai ta yi wani aure na gaskiya, an tare, sannan wancan ya sake ta ko ya rasu, ta gama idda. Auren kisan wuta haramun ne, in har zai shigo labarinka, ya shigo a matsayin shawarar banza da wani aboki ya kawo aka watsar. Idan kuma saki ukun a kalma guda ya furta shi cikin fushi, ka sani mazhabar Malikiyya uku take ƙirga shi, wasu malamai kuma ɗaya. Kada kai marubuci ka ba da fatawa. Ka tura dattawan labarin wurin malami ko alƙali, mai karatu ya ji amsar daga can.

Ka ƙirga iddar daidai. Tsarki uku ne ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, mai ciki sai ta haihu, takaba kuma wata huɗu da kwana goma. Ba a neman mace aure a fili tana cikin idda. Mafi yawan masu karanta irin wannan littafi mata ne, da yawansu sun yi iddar da kansu ko sun ga ta 'yan'uwansu. Ka kuskure kwana, su daina yarda da sauran abin da ka rubuta.

Sai dalilin rabuwa, wanda a ganina nan ne littattafai da yawa suke mutuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce uwar miji ko kishiya ta shiga bokaye aka raba su. Da zarar ka yi haka ka wanke kowa, ba wanda zai gyara hali, asiri ya karye komai ya koma yadda yake. Dalilin da ke ɗaukar littafi shi ne wanda kowa yake da nasa kason laifi, kuma shekaru za su iya gyara shi. Ya yi alkawari gaban mahaifinta cewa za ta ƙarasa karatu, da aka tare ya ce bai san zance ba. Ko ya tafi ci-rani wata takwas ba aike ba waya. Ko 'yan'uwansa suna mata gorin haihuwa a tsakar gida yana ji, bai ce uffan ba. Ita kuma ta zama duk abin da ya faru a ɗaki sai an ji shi a gidansu, yaji kan yaji, har ya gaji da biko. Abu ɗaya nake roƙo a bari: mijin da ya riƙa dukan matarsa, kada a wanke shi da hawayen shafi biyu a mayar masa da ita. Akwai mai karatun da take cikin wannan halin a daidai lokacin da take karantawa.

Yanzu lokaci. Babbar Sallah ta fi ƙarama amfani ga irin wannan labari, saboda kowace rana da aikinta, aikin kuma shi ke haɗa mutane. Amma ka zaɓi shekara tukuna, don Sallah tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A Najeriya an yi Babbar Sallar 2024 ranar 16 ga Yuni, ta 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, wato farkon damina: hadari da yamma, ƙasa da danshi, mutane suna ta shuka. Wanda ya sa labarinsa a waɗannan shekaru kuma ya rubuta hazo da jin ɗumi ya nuna bai duba ba. Garin ma ka ƙirƙiri sunansa don kada ka taɓa mutuncin wani gida, amma ka jingina shi da wuri na gaske. In ka ce kusa da Wudil yake, Juma'a ce ranar kasuwa, in kusa da Maigatari ne Alhamis ce, kuma kasuwar ƙarshe kafin Sallah a nan za a sayi ragon.

Kwana shida sun isa: biyu kafin Sallah, ranar idi, da uku bayanta. Haɗuwar farko ta kasance a wurin da ba za su iya magana ba, kamar tasha, ko shagon telan da ya riƙe ɗinkin ɗansu har daren jajibiri. A filin idi maza suna gaba mata suna baya, don haka abin da zai gani bai wuce mayafinta daga nesa ba, ita kuma ta ga ɗanta riƙe da hannunsa.

Ka tuna yanzu ba muharramarsa ba ce. Ba za ka sa su a ɗaki su biyu ba, ko a mota da daddare. Wannan takura ita ce arzikin labarin, domin soyayyar sai ta bi ta hannun mutane da kaya. Dubi naman layya. Ranar Sallah an yanka, an feɗe, an rataye, mata sun soya kayan ciki. Washegari ake yanyankawa a raba. Sai ga yaro ya yi sallama da kwano a rufe da faifai, ya durƙusa gaban mahaifiyarta: "Inna, wai in ji Babana a kawo miki." Inna ta buɗe, cinya ce guda, a gefe kuma ga hanta a ƙunshe daban, ba kitse ko kaɗan a jiki. Duk gidan an san wadda ba ta cin kitse. Inna ta mayar da faifan ta rufe, ta ce, "Ka ce an gode, Allah ya maimaita mana." Ba wanda ya ambaci so, amma mai karatu ya ji shi.

Yadda suke kiran juna ma aiki ne. Da can ba ta faɗin sunansa, yanzu kuma "Baban wane" take cewa, da sunan ɗansu, cikin murya irin ta gaida baƙo. Shi kuma har yanzu in ya hango mahaifinta sai ya cire takalmi ya durƙusa, tsohon ya amsa a taƙaice ya ci gaba da jan carbinsa. Ƙaramin gari haka yake: a saki mata amma surukuta tana nan.

Kada hanya ta yi sauƙi. Ka ba ta wani manemi, mutumin kirki mai rufin asiri, wanda Baffanta ya fi so, don zaɓinta ya zama zaɓi na gaske. In tsohon mijin ya yi wani auren, matarsa ta zama mutum mai hankali da nata tsoron, kada a kashe ta a hatsarin mota don a share wa jaruma hanya. Yaron ma ba ado ba ne. A Malikiyya uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, amma in uwar ta auri bare riƙon yana iya barin hannunta. To ka ga dole ta tambayi kanta, shin mutumin take so ko rabuwa da ɗanta take gudu? Sai ta amsa wannan kafin littafi ya ƙare.

Wajen tsari, babi 18 zuwa 20 sun wadatar, kowanne kalma 1,500 zuwa 2,000, daidai abin da ake karantawa a waya a zama guda in a WhatsApp ko Wattpad kake sakewa. Waiwaye kada ya wuce sau uku, kowanne kuma wani abu na yanzu ya tayar da shi. Masu zuba tarihin auren duka a babi na biyu suna ƙone abin da ya kamata su riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.

Ban haƙurinsa kuma a ga aikinsa kafin a ji kalmarsa. In karatu ya hana ta, ya je zauren mahaifinta da wansa, ya amsa laifinsa a gaban waɗanda ya yi wa alkawarin. Kuma kada ka ɗaura aure cikin kwana shidan nan, ba mai hankalin da zai yarda. Abin da za a samu kafin ta koma bakin aiki shi ne izinin ya turo magabatansa. Babin ƙarshe ka kai shi wata guda gaba, wajen cika-ciki, 10 ga Muharram, lokacin da ake fito da wutsiyar ragon da aka ajiye. Auren bazawara ba ya son hayaniya: waliyyinta ya tambaye ta, ta amsa da bakinta tunda shirunta ba ya isa, a yanka sadaki sabo ko da an taɓa biyan wani, a raba goro da alawa bayan sallar Juma'a, ta tare da daddare da rakiyar mata uku ko huɗu.