Kwana 23 da jaka a baya: yadda na zaga Nijar daga Damagaram

A fadarmu ta bayan isha'i, can unguwar Zango, maganar ta samo asali. Muna jiran shayi na biyu sai gardama ta kaure a kan hasumiyar masallacin Agadas, wannan ya ce ta fi ta kowane masallaci tsawo, wancan ya ce hoto ne ke ƙara mata girma. Mu tara ne a zaune, kuma da aka bincika babu ko ɗaya da ya taɓa ganinta ido da ido. Ni kaina na je Kano ya fi sau goma sarin kayan gyaran waya, amma ta arewa ban taɓa wuce Tanut ba, ta yamma kuma Maraɗi ce iyakata. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta. Washegari na fara ware kuɗi a gefe, kuma sai da na yi wata bakwai ina tari kafin suka kai jika 180.

Shirina na farko a waya na yi shi. Na buɗe taswira, na auna kilomita, na raba kwanaki: Agadas, Bilma, Tawa, Yamai, Ayoru, in dawo in wuce Difa, duka cikin mako biyu. Na kwafe a takarda na kai wa mahaifina, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota kafin idonsa ya yi rauni. Na karanta masa yana saurare. Da na gama sai ya ce, "To, a Agadas gidan wa za ka sauka?"

Na ce, "Baba, akwai ɗakunan haya."

Ya ce, "Na ji. A Tawa fa? In zazzaɓi ya kama ka a Doso, wa zai kawo maka kunu?"

Daga nan ya sa na soke wurare uku. Bilma ba a zuwa sai cikin ayari, kuma tafiyar kwanaki ce a cikin hamadar Tenere. Jihar Difa tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2015, yankin Tillaberi ma, inda Ayoru take, ba wurin yawon buɗe ido ba ne a wannan zamani. Soke Difa ya yi mini ciwo, domin kakata ta wajen uwa Babarbariya ce daga ƙasar Manga, na so in taka inda ta fito. Amma Inna ta ce in har sunan Difa na cikin takardar, ba da yawunta ba. Na bar shi.

Takarda ta biyu ba ta da kilomita ko ɗaya. Sunan gari ne, gefensa mutumin da zan sauka wurinsa da wanda ya haɗa ni da shi. Wata guda na yi ina wannan aiki. Wani Ba'abzine da ke kawo mini wayoyi gyara ya kira ƙanensa a Agadas. Maƙwabcinmu malamin makaranta, wanda ya yi aiki a Doso, ya haɗa ni da gidan da ya zauna. A Yamai akwai ɗan kawuna. Tawa ce kawai ta rage babu kowa, sai Baba ya ce in je wurin sarkin tasha in gaishe shi in faɗi daga inda na fito, zai san yadda zai yi da ni. Hakan kuwa aka yi.

Na zaɓi watan Disamba don gudun zafi da kuma ruwan damina mai yanke hanya. Cikin jakar goyo na sa kaya kala huɗu, bargo, rawani, darduma, sange, tocila, batirin ajiyar caji, maganin zazzaɓi da na gudawa, dabino da ƙuli-ƙuli. Katin ɗan ƙasa yana aljihun gaba, domin kusan kowace mashigar babban gari sai an sauke fasinja an duba. Kuɗin ban ɗauke su duka a jikina ba; na bar wa ƙanena, duk garin da na isa sai ya turo mini ta Nita ko Amana in karɓa. Inna kuma ta ƙara abin da ban yi tunaninsa ba: alkaki leda huɗu, da ganyen shayi da sukari, kowane mai masauki da rabonsa. Na so in rage saboda nauyi, ta hana. Daga baya kaya kala biyu da takalmi na aiko gida daga Agadas, alkakin kuwa shi ya riƙa buɗe mini hira a kowane zaure.

Motocin kamfani tun kafin asuba suke tashi, saboda haka a tasha na kwana a kan tabarma tare da sauran fasinja. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. A taswira kamar tafiyar rabin yini, amma akwai wuraren da kwalta ta ƙare sai rairayi da ramuka, kuma sai bayan magariba muka shiga gari. Bayan Tanut gonakin hatsi suke fara janyewa, rumbuna su ɓace, sai ƙaya da raƙuma da rijiyoyi masu zurfi waɗanda dabba ke jan gugarsu.

Hasumiyar tana nan yadda ake faɗi. Mita 27 ce, da laka zalla, itatuwa sun leƙo ta kowane gefe, su ne matakan masu yaɓe. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Na hau ta ciki, hanya ƙunci sai ka sunkuya, kafaɗa na gogar bango, daga sama kuma ka ga garin duka ja kamar an toya shi, duwatsun Abzin suna can nesa. An kuma nuna mini gidan da Bature Heinrich Barth ya sauka a 1850, abin da ya tuna mini cewa a Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, akwai inda shi wannan mutum ya zauna, kuma ban taɓa tsayawa na kula ba.

Amma abin da ya fi zauna mini daga Agadas a cikin gida ya faru. Mutanen garin Hausa suke yi, irin tasu, don haka tun ranar farko na saki jiki kamar ina Sabon Gari. Dare na biyu muna zaune da mahaifin mai masaukina, dattijo mai natsuwa, an haɗa shayi a kan gawayi. Na lura in an miƙa masa kofi ba ya sauke rawani, ta ƙarƙashinsa yake shigar da kofin ya kurɓa. Da hira ta yi daɗi na fito da waya na ce, "Baba, don Allah a ɗan sauke rawanin in ɗauki hoto, in nuna wa mutanen gida fuskarka."

Wurin ya yi tsit. Dattijon bai ce komai ba, sai ma ya sa yatsa ya ƙara jan rawanin sama har kusa da ido. Ɗansa ya yi sauri ya kawo zancen farashin raƙuma. Da muka shiga ɗaki ya yi mini bayani cikin taushin murya: a wurinsu namiji ba ya buɗe baki da hanci a gaban wanda yake jin nauyinsa, musamman suruki ko babban baƙo, kuma jan rawanin sama alamar girmamawa ce. Wato abin da na roƙa daidai yake da in ce ya ajiye mutuncinsa in ɗauka a waya. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ga sanyi mai ratsa bargo, ga kunya. Bayan sallar asuba na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Baƙo ko da ido makaho ne. Zauna mu sha shayi." Ranar ya sa aka gasa mini tagela, gurasar da ake binnewa a cikin rairayi mai zafi da toka, aka kawo da cuku. Ya koya mini in ce "tanammirt" in zan yi godiya, ya kuma rubuta sunana da haruffan Tifinag a bayan takardata. Kwana uku na tsara wa Agadas, na yi shida.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina ƙa'ida: duk gidan da na shiga, yinin farko na kallo ne da gaisuwa, waya tana aljihu, tambaya kuma sai na keɓe da sa'ana.

Hanyar Agadas zuwa Tawa, wajen kilomita 400, ita ta fi wahal da mu. Kafin Abalak motarmu ta lalace, muka yi awa bakwai a daji. Ruwa ya fara ƙaranci, rai ya fara ɓaci. Wani Bazabarme da wani Ba'abzine suka yi sa-in-sa a kan inuwar gefen mota, har murya ta tashi. Sai wata tsohuwa ta ce da Bazabarmen, "Kai, da taubashinka kake faɗa?" Nan take mutumin ya juya zancen, ya ce ai wannan bawansa ne, dole ya tashi ya ba ubangidansa wuri. Ba'abzinen ya mayar masa da wadda ta fi, mota duka ta ɗauki dariya, suka zauna a tabarma ɗaya suna raba dabino. Na san wasan taubasai tun ina yaro, na kuma ji cewa UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake karewa a 2014, amma ban taɓa ganin ya kashe wuta a gabana ba sai ranar.

Ni ma na ci albarkacinsa. Akwai rijiya ba nisa, Fulani Woɗaaɓe suna shayar da jajayen shanunsu masu dogon ƙaho. Muka je neman ruwa. Bakina ya so ya tambayi dattijonsu shanun nawa ne, sai na tuna Agadas na haɗiye. Daga baya wani fasinja ya tabbatar mini cewa ba a tambayar Bafulatani yawan dabbobinsa. Maimakon haka na yi gaisuwa mai tsawo, na ce daga Damagaram nake, kakata Babarbariya ce. Fuskarsa ta sake. Ya ce, "Ashe yarona ne ya zo!" Ya sa aka cika mana bido biyu, ni kuma aka miƙo mini madara a ƙwarya, da ɗuminta.

Tawa kwana biyu na yi, a ɗakin wani ɗan kamasho da sarkin tasha ya haɗa ni da shi. Hausar Adar sai ka kasa kunne: "ƙaƙa kake", "munka tahi", "wanga yaro baƙo na". Kusan kowane gida da wanda ya tafi ci-rani Abijan ko wani wuri, kuma zancen kokowa ba ya ƙarewa, suna alfahari cewa a garinsu aka fara gasar ƙasa a 1975. Daga nan na bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi ban tsaya ba, abin da nake nadama, domin ƙasar Arewa ce, inda Sarauniya ta Lugu ta tari sojan Faransa a 1899.

A Doso na fara zama baƙo na sosai. A kasuwa Hausa tana biyan buƙata, amma uwargidan da na sauka wurinsu Zabarmanci kawai take yi. Kalmomi goma da maƙwabcinmu ya rubuta mini su suka yi aiki. Na ce "fofo", na ce "mate gaham", ta amsa "bani samay" tana murmushi, ta kira 'ya'yanta su zo su ji. Lissafin kuɗi ma irin namu ne, da dala suke ƙirga: in mai tebur ta ce "waranka", dala ashirin take nufi. Da daddare aka kawo dambu da kwaɗon zogale, wanda suke kira kopto, ta zauna tana kallo har sai da na cinye.

Yamai na ga gidan tarihi na Boubou Hama, da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamada, da guntun itacen nan da ya tsaya shi kaɗai a Tenere, wanda mota ta kayar a 1973. Amma kogin Neja ne ya tsayar da ni. Wanda ya tashi a Damagaram ya san bin layin famfo da bido tun cikin dare, ya san jiran mai garuwa, ya san wanka da rabin bokiti. Na hau gadar Kennedy da yamma, na tsaya a tsakiya, ruwa yana ta wucewa ƙarƙashina ba iyaka, masu wanki a bakin gaɓa, masunta cikin kwale-kwale, lambuna kore shar. Na kira Inna na ce mata, "Inna, ruwan nan tun ɗazu nake kallo bai ƙare ba." Ta ce in yi wa garinmu addu'a a wurin. Na yi.

Komowa kilomita wajen 900 ce a kan babbar hanya, na raba ta biyu. Na sayi albasa a Galmi, na kwana a Maraɗi, na iso gida ranar Alhamis, Kasuwar Dole tana ci. Kwana 14 na tsara tun farko, na yi 23, tafiyar kuma ta haura kilomita 2,000. Kuɗin da na ware don ɗakin haya kusan ban taɓa su ba, a tsaraba da kuɗin mota suka tafi.

Wata huɗu bayan haka, ina shago da rana, waya ta yi ƙara. Mai masaukina ne na Agadas, zai kawo mahaifinsa asibiti a Damagaram a duba masa ido. Na share ɗakina na koma na ƙanena. Inna ta yi tuwon hatsi da miyar kuka, Baba ya fito da kansa ya tare su a zaure. Da aka kawo shayi, ƙanena ya zaro waya zai ɗauki hoto, na riƙe masa hannu a hankali. Dattijon ya karɓi kofinsa, ya shigar ta ƙarƙashin rawani, shi da Baba suka shiga zancen rijiyoyin hanyar Adarbisanat, suna lissafa su ɗaya bayan ɗaya har aka kira isha'i.