Kowa da ƙararshi a wayar Inna

Asabar ce, kun san Asabar ta Inna ce. Wanki da sassafe tun rana ba ta buɗe ido ba, don zafin bazarar bana in ƙarfe 9 ta yi ba mai iya tsayuwa tsakar gida. Wuta ba ta kwana ba, tanki ya yi ƙasa, maigidan ya fita kasuwa ko shayi bai tsaya ba. Na ɗauki Baba Ƙarami munka hau keke daga Arkilla sai Rijiyar Ɗorawa, na tsaya hanya na sayo mata kankana da ƙanƙara ta fura.

Na iske ta gindin dogon yaro bisa tabarma tana damu. Ko gaisawa ba mu gama ba wayar ta yi ƙara daga cikin ɗaki inda take caji jikin ɗan fawa bank ɗin da Auta ya bar mata. Nan take ta aje ludayi, ta goge hannu da gefen zane, ta fara yunƙurin tashi da wannan gwiwar tata. Na ce Inna zauna in ɗauko. Ta ce "maza dubo min wa na." Na duba, guruf ɗin gida ne, Kawu ya turo hoton fure da barka da safiya. Ta ce "da hantsi? Allah shi shirya Kawunku," ta koma ga damunta. Ba a jima ba ta sake ƙara, ta sake aje ludayin. Wannan karon saƙon kamfanin layi ne na tallar data. Kafin mu sha furar nan sai da abin ya yi ta maimaituwa, kuma kowane karo sai na ga idonta ya tashi zuwa ƙofar ɗakin kafin ta maido shi ga ƙwarya.

Inna ba ta karanta boko. Ajami da Alƙur'ani kam sai dai a zo a ɗauki karatu wurinta, amma sunan da anka rubuta a fuskar waya bai gaya mata komai, da hoto take gane mutane, ga idon ya fara rauni, in kuma cikin rana ne ma fuskar wayar ba ta ganuwa. Saƙon murya take yi da kowa kuma ta iya abinta sarai, ta danne ta yi magana ta saki. Matsalar dai in ƙara ta shigo ba ta san ta wa ce ba sai ta tashi ta je, ko ta ƙwala wa ɗiyan maƙwabta kira su zo su duba mata, su ko yara wani lokacin har su buɗe saƙon da bai kamata su ji ba.

Na ce mata Inna ai ana iya ba kowa ƙararshi daban, tun daga nan zaune ki san wa ya turo. Ta dube ni ta ce "wanga abu shina yiwuwa kunka bar ni ina ta safa da marwa?"

To sai munka zauna aiki. Ga masu irin wayarta, Tecno ce, kuma Infinix da itel ma kusan hanya ɗaya ce tunda duk kamfani ɗaya ke yin su, Transsion na ƙasar Sin. A WhatsApp ana buɗe hirar mutum, a taɓa sunanshi can sama, a gangara inda anka rubuta Notifications, a nan akwai wurin zaɓen sautin saƙonshi shi kaɗai ba tare da an taɓa na sauran ba. Sautin kiran waya kuma daban ne, cikin kontak ake sa wa mutum ringin ton nashi, amma sai lambar tana ajiye bisa waya ko bisa asusun Google, in a sim take ba za a ga wurin ba. Na Inna rabi duk a sim suke tun zamanin ƙaramar wayarta mai tocila, sai da na bi su na kwashe. Guruf ɗin gida da na matan unguwa na rufe musu baki, WhatsApp na ba da zaɓi awa 8 ko sati 1 ko har abada, na tambaye ta wanne, ta ce "na Kawunku har abada, in da magana ya san ƙohwar gidan."

Daɗin ya zo ne da na ce mata ba dole sai ƙararrakin da sunka zo da waya ba, ana iya ɗaukar murya a sa. Baba Ƙarami na jin haka ya maƙale sai shi. Na buɗe rikodar wayar na ce ya yi magana gajera, don duk abin da anka sa haka zai riƙa fita gaba ɗayanshi duk shigowar saƙo, daƙiƙa 2 zuwa 3 ta isa. Ya kafa baki jikin wayar ya ce "Tsohuwa! Mamana ta!" Inna ta bushe da dariya har da riƙe ciki, tana cewa "ji min maigidan ga, ko cefane bai aje ba shina kirana tsohuwa." Na shiga File Manager na ɗauko fayil ɗin na kai shi foldar da ake kira Notifications da ke cikin ma'ajin wayar, ba memori kad ba. Da farko bai fito cikin jerin sautukan ba, na kashe wayar na kunna sai ga shi. Na sa shi a sunana, na tura mata saƙo daga tawa muna zaune, wayar ta ce Tsohuwa, Mamana ta, yaron ya dinga tsalle yana cewa in ƙara. Matar Auta ma ta leƙo ta ce a yi mata, ita kuma iPhone gare ta, a can WhatsApp ba ya barin mutum ya sa nashi sai dai ya zaɓa cikin waɗanda sunka zo da ita, ta koma ɗaki tana ƙunƙuni.

Auta munka sa mishi kukan zakara don shi ne mai turo saƙo tun asuba. Goggon Wurno wata mai kama da kiɗan ƙwarya. Na ce ko in sa mata karatu ga saƙon malamarsu ta Islamiyya, ta ce a'a, ta ji malamai na hana wa kuma ita ma hankalinta bai kwanta da shi ba, aya ta fara a katse ta tsakiya, ko mutum na bayi waya ta ɗauki karatu cikin aljihu. Na ga gaskiyarta, ni kaina na sha jin kiran salla na tashi daga jakar wata ana tsakiyar ciniki a kasuwa, ta kai hannu ta datse shi bai kai ƙarshe ba, abin ba ya min daɗi.

Mun bi kowa, tana faɗa ina sawa, ina kunna mata tana maimaitawa, wanga na Auta na, wanga na Goggonku. Na ce to Inna an gama ko? Ta yi shiru tana juya ludayi cikin ƙwaryar da ba sauran fura. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "sauran wancan."

Kun san Inna ba ta faɗin sunan Yaya. Ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin sunan ya fito bakinta ba, ko gaban mutane ba ta tambayar lafiyarshi, sai dai ta ce yayanku ko wancan, in ana zancenshi ma tashi take ta kama wani aiki. Shi ya saya mata wayar ga kafin ya tafi, ya zauna nan gindin iccen nan ya koya mata danna saƙon murya. Ta Illela ya fita, Ƙonni, Tawa, Agadas, Arlit, har Tamanrasat ta Aljeriya inda yake aikin gini. Da can duk Juma'a sai ya turo murya, wani lokacin da hoto yana sanye da hular sanyi. Tun kafin azumi shiru. Na buɗe hirarshi don in sa sautin, sai ga saƙonnin Inna jere reras daga sama har ƙasa, na murya, wasu daƙiƙa kaɗan wasu sun fi minti, kowane da tik ɗaya gefenshi, ba wanda ya isa. Ban san tana turawa ba wallahi. Na ƙarshen na jiya ne da dare. Ban buɗe ko ɗaya ba, ban kuma nuna na gani ba, amma hannuna sai da ya yi sanyi.

Na ce wace iri za a sa mishi? Ta ce "wadda ta hi kowace ƙarhi, wadda ko kwana nike za ta tashe ni." Auta ya shigo lokacin, da ya gane abin da ake sai ya ce ai akwai tsofaffin saƙonninshi, a yanko sallamar da yake farawa da ita a sa, shi ya iya, ko da fayil ɗin saƙon murya na WhatsApp irin wanda ake kira opus ne ba kowace waya ke nuna shi cikin jeri ba, zai maida shi mp3 yanzun nan. Niyyarshi mai kyau ce. Inna ta ɗago ta ce "a'a. In ji sallama in ɗauka shi na bakin zaure? Ku sa min ƙarar waya dai." Auta ya sunkuyar da kai ya fita.

Na bi jerin ina kunnawa ɗaya bayan ɗaya tana girgiza kai, har munka zo ga wata mai kama da ƙararrawa, doguwa, mai kaifi. Ta ce wannan. Na sa. Ta ce in sake kunnawa ta riƙe ta da kyau kar ta ruɗe da ta wani, na kunna, ta ce in ƙara, na ƙara. Sannan ta ce in tabbata ba wanda ke da irinta cikin wayar, na ce babu Inna, tashi ce shi kaɗai.

Daga nan na lura datarta a kashe take yawancin lokaci, Auta ke kunna mata ya kashe don kar ta ƙare, yau ma don ya san za ni zo ya bar ta. Na gaya mata in data na kashe ko an turo ba abin da zai yi ƙara sai an kunna. Ta ce to a bar ta kunne dare da rana, ko nawa ne a cire cikin kuɗin goronta. Na ce ba za a taɓa kuɗin goro ba, na saya mata ta wata daga wayata, na ce wa Auta daga yau ni ke da wannan. Na kuma shiga saitin batir na fidda WhatsApp daga cikin abubuwan da wayar ke kashewa don tattalin caji, irin wayoyin ga suna da wannan halin, saƙo ya shigo tun safe ba za a ji ba sai an buɗe.

La'asar munka dawo. Tuwon dare, yaron ya yi barci da takalmi a ƙafa, wuta ta zo ta koma.

Na kwanta abin ya ƙi barina. Haushin Yaya nake ji, ina kuma jin tsoro, ban san wanda ya fi ba. In lafiya yake, mi zai hana shi aron wayar wani ya turo ko da kalma biyu ce, ya san halin Inna, ya san ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a nemo mata shi ba, sai dai ta yi ta rama a tsaye muna cewa zafi ne. In kuma ba lafiya ba... kowa a garin nan ya san labarin waɗanda ake kamewa can a kwaso a mota a zube su cikin sahara kusa da iyaka, su tako da ƙafa zuwa Assamaka, garin bakin iyaka na ɓangaren Nijar, da yawa ba waya ba kuɗi, sai bayan lokaci ka ji sun kira da wata lamba ta Nijar. A nan ne gabana ya faɗi, don sautin da na sa yana ɗaure ne da tsohuwar lambarshi. In ya turo da sabon layi ko da wayar wani, ƙararrawar nan ba za ta yi ba, da ƙarar gama-gari saƙon zai shigo, irin wadda na gama gaya wa Inna yau cewa ba sai ta riƙa tashi dominta ba.

Na kira Auta duk da dare ya yi. Na ce ya riƙa duba wayar Inna safe da yamma, duk baƙuwar lamba, musamman mai farawa da +227 ta Nijar ko +213 ta Aljeriya, ya kira ni nan take ko ina makaranta, kuma kar ya gaya mata dalili. Ya ce to. Ya ce akwai wani ɗan unguwarsu da ya dawo daga can kafin salla, yana zama wurin masu gyaran babur, zai neme shi gobe bayan azahar ya tambaye shi ko sun haɗu. Na ce ya biyo ta nan mu tafi tare, maigidan ya riga ya amince.