Na je Damagaram neman keken Faransa

Kekunan ɗinki goma sha ɗaya ne jere a shagon gidana a Kano, kuma ni ba tela ba ne. Na farkonsu na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, sauran kuwa tsince-tsince ne daga hannun 'yan gwangwan da teloli masu komawa keken lantarki. Maiɗakina ta daɗe da daina tambayar amfaninsu. Abin da ya dame ni shi ne duk Singer ɗin da na tara 'yan gida ɗaya ne, ƙirar masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sikotlan, wadda aka rufe a 1980. Su ne ake liƙa wa harafin K, irin su 15K da 99K, kuma su suka cika ƙasashen da Ingilishi ya mulka. Amma Singer ta yi wata masana'anta a Bonnières ta Faransa, mai harafin B, ban taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya ba. Da wani abokina mai fataucin shadda ya ce ya ga tsofaffin kekuna a Damagaram kamar a bakin ƙwarya, sai na ce in dai akwai na Faransa a kusa, can ne.

Ranar Laraba na bar Kano da sassafe, cikin hunturu. Kazaure, Daura, Kwangwalam, muka sauka aka duba takardu, na canji kuɗi, muka wuce Matamai da Kance, muka hau babbar hanya a Takeita. Ba abin da zan ce game da hanyar sai ƙura da karan gero da aka ɗaure dami-dami. La'asar sakaliya duwatsun Zinder, wato Damagaram, suka bayyana, manya-manya a dunƙule kamar an jibge su da gangan. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Zango, gidan ƙanen abokin nawa, aka ba ni ruwa a ɗan bokiti na yi wanka. Mai gidan ya ce in yi tattali, garin nan ruwa ba abin wasa ba ne.

Alhamis ce ranar kasuwa. Mun ratsa Kasuwar Dole har wata rumfa ta bayan teloli, inda wani dattijo mai gyaran kekuna ke zaune a kan buzu, kawunan keke sun fi ashirin kewaye da shi, wasu a kife, wasu ba ƙafa ba murfi. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ce komai ba, ya nuna mini wani baƙi wuluk mai sheƙi, an rubuta Singer da ruwan zinari ɓaro-ɓaro a hannunsa. Zuciyata ta buga. Na durƙusa na duba gaban faranti ta dama, wurin da ake buga lamba, na ga wayam. Tambarin tagulla da ya kamata a ce an dasa shi da ƙusa biyu, na takarda ne aka manna. Na ɗago na ce, "Baba, wannan ai fenti ne."

Ya yi dariya har da tari. "To, ɗan Kano, ashe ka san abin da kake nema. Zauna."

Ba wai keken banza ba ne. Kusan duk baƙin keken da ke hannun teloli yau, Butterfly na Shanghai ne ko waninsa, kwafin Singer 15 ne, wanda Japan ta fara kwaikwaya da yawa bayan yaƙin duniya na biyu, Sin da Indiya suka biyo baya. Gane shi ba wuya: abin ɗaure zare yana gefen fuska ta hagu, ƙoshiya kuma a tsaye take a ƙarƙashi. Shi ya sa kayan wannan ke shiga wancan, shi ya sa kuma mai fenti ke iya mayar da na jiya ya zama na kakanni. Ni da lamba nake ganewa. Shi Baba bai damu da lamba ba. Ɗaga kan yake ya ji nauyi, ya juya wili sau biyu, ya kasa kunne. Ya ce tsohon ƙarfe ba ya ƙara, numfashi yake.

Sai ya sa yaronsa ya jawo wani ƙarami daga ƙarƙashin tarkace, mai marfin katako da mariƙin juyawa da hannu. Ina ganin faranti biyu dogaye masu zamewa a gadonsa na san ba 15 ba ne. Na zare na gaba, ga ƙoshiya doguwa mai tsini kamar harsashi, da siririn kwarkwaro a cikinta. 28K ne, ƙanen 27, wanda ƙoshiyarsa ke kai da komo a baka-baka maimakon juyawa. Na tofa yawu na goge lambar da babban yatsa: Y ce a gaba. Clydebank ta yi amfani da Y daga 1923 zuwa 1935. Ke nan ko dai an ƙera keken lokacin da Zinder take babban birnin Nijar, ko kuma cikin shekara tara bayan an mayar da hedikwata Yamai a 1926. Na faɗa wa Baba haka, ya ce shi dai abin da ya sani daga kayan wata tsohuwa ya fito, jikokinta suka kawo da ta rasu.

Wilin ko motsi ba ya yi. Baba ya shinshina ramin mai ya ce, "Man gyaɗa." Nan ya buɗe babin da na lura ya daɗe yana ci masa rai. Mace ta ga keke ya yi nauyi, ta ɗebo man miya ta ɗiga, ya yi laushi mako biyu, daga nan man ya daskare ya zama ƙaro, ƙurar hunturu ta hau kai, shi ke nan an ɗaure keke da hannun mai shi. Wasu kuma baƙin man mota suke zubawa. Ya ɗauko kananzir a tsohuwar kwalbar magani, ya bi kowane rami da kowace gaɓa yana ɗigawa, ya kwantar da keken a rana. Ya ce kada a tilasta, a bar rana ta yi aikinta.

Muka sha shayi muna jira, na ba shi labarin wautar da na taɓa yi. Wani 66K na samu mai adon zinari cikakke, na ga datti, na jiƙa auduga da sipirit na goge. Ashe abin da ke rufe adon wani ƙaro ne da sipirit ke narkarwa. Kafin in farga furannin sun koma fari-fari kamar azurfa, wasu sun bi audugar. Tun ranar ba na taɓa jikin keke da komai sai man keke da tsumma mai laushi, ko ruwa ba na yarda ya kusance shi. Baba ya girgiza kai ya ce aƙalla ni nawa na ɓata.

Kafin kofi na uku ya taɓa wilin, ya ɗan gusa. Ya ƙara kananzir, ya yi gaba, ya yi baya, sai ga baƙin ruwa yana tsiyaya ta ƙasa. Ya goge, ya bi da farin man keke ɗigo ɗaya a kowane rami, ya sakace haƙora da tsinke, auduga ta fito dunƙule. Ya sa allura sabuwa, irin ta kowane keken gida mai gefe ɗaya a shafe, ya shafa tsinin ƙoshiyar da ɗan yatsa don in ya dakushe keken zai riƙa tsallake ɗinki. Ya ɗora ƙyalle ya juya. Ɗinkin ya fito sama da ƙasa iri ɗaya, ba ƙulli ba sako-sako.

Na Faransa fa? Ya ce akwai guda ɗaya da ya sani, a Birni, tsohuwar unguwar garin, amma in je in gani kawai.

Bayan azahar yaronsa ya raka ni. Muka bi ta gaban fadar Sarkin Damagaram da masallaci, muka shiga lunguna masu gidajen ƙasa da zane a fuskarsu, wani gidan ma jingine yake da dutse. A wani zaure muka tarar da tsohon tela yana haɗa babbar riga. Na gaishe shi, na nemi izini, ya ɗage ƙafa daga feda. Lambar ta fara da SA. Na Bonnières ne, 15 na gaske, abin da na baro Kano dominsa. Sai dai in mai tara kayan tarihi na Turai ya gan shi, zai yi kuka. Adon ya goge tas a inda yadi ke bi, sai baƙin ƙarfe mai santsi. Ƙafar da yake kai ta Pfaff ce ta Jamus. Gidan kwarkwaron na Sin ne. Bel ɗin kuwa wani baduku na unguwar ne ya yanka masa daga kirgi, aka haɗa bakin da waya. An ɗaura tsumma a hannun keken an soke shi da allurai, abin da ke cinye fenti, na buɗe baki zan yi magana na fasa.

Duk da haka na taya. Ya ce, "Ɗana, in na sayar maka, gobe da me zan hau?" Na ce zan saya masa sabo dal, har da ƙari. Ya ce an taɓa kawo masa sabo, wata uku ya mayar. Da wannan ubangidansa ya yaye shi, da shi ya aurar da 'ya'ya. Ya ce in zauna in taka in ji. Na taka, kuma gaskiya ko ɗaya cikin sha ɗayan da nake gogewa duk Juma'a ba ya tafiya haka, don nawa a ajiye suke, nasa kuwa bai taɓa kwana uku ba mai ba. Na ɗauki hoton lambar, na yi godiya, na fito.

Na koma rumfar Baba muka yi cinikin 28K. Ya ce jika talatin, na yi murna a raina don a Kano jaka naira 200 ce, sai mai masaukina ya raɗa mini cewa a nan jika sefa 1,000 ce, wato dala 200. Murna ta koma ciki. Muka daidaita a ashirin da biyu. Kwarkwaro biyu ne kawai a akwatin, kuma irin dogayen nan ba a samunsu a shagon kayan ɗinki. Har na naɗe keken a buhu, Baba ya laluba aljihun rigarsa ya fito da na uku, ya ce tun bara yake yawo da shi bai san na wane keke ba ne.

Juma'a da safe na sayi alkaki na tsaraba, na shiga mota a tasha. Yaron mota ya so ya ɗora buhun a sama tare da kaya, na ce a'a, na biya kuɗin kujera ɗaya da rabi na rungume shi a cinya. Har Daura warin kananzir na tashi, wata mata a bayana tana tambaya ko risho na sayo.