Sana'ata: Koya Wa Iyaye Wasa Da 'Ya'yansu Masu Galahanga

A ɗakin aikinmu da ke Kano babu wani injin da zai burge mutum. Tabarma ce da kwandon kayan wasa da wayar ɗaukar bidiyo. Aikina koya wa iyayen yara masu lalurar galahanga, wato autism, mai wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane, yadda za su jawo 'ya'yansu cikin mu'amala, kuma a wurinmu uwa ba ta zaman jira a baranda. Ita ke zama a ƙasa da ɗanta, ni ina gefe. Yaro awa guda yake yi a hannuna a mako, amma wanka da cin abinci da shirin barci duk a gida ake yin su, can kuwa darasin yake.

Wurin wata dattijuwa mai gyaran maganar yara na koyi aikin nan, Allah Ya jiƙanta. Abin da ta fara ɗora ni a kai shi ne jira. Takan dafa hannuna ta ce, "'Yata, ki bar masa fili, yana zuwa." Daga baya na karanci tsarin Floortime na likitan ƙwaƙwalwar yara Stanley Greenspan da abokiyar aikinsa Serena Wieder a Amurka, na tarar da maganarta ce: ka sauka inda yaro yake, ka bi abin da ya ɗauke masa hankali, daga nan ka gina.

Ga yadda abin yake a aikace. Yaro ɗan shekara uku ya zo, ba abin da yake so irin juya murfin tukunya. A gida ƙwacewa ake yi, ya yi ta ihu. Na ba mahaifiyarsa wani murfin na ce, "Hajiya, ki zauna gabansa ki juya naki." Ta juya, ta sake juyawa, sai na ce ta tsaya cak, kada ta ce uffan. Yaron ya ɗago ya dube ta, ya kamo hannunta ya ɗora kan murfin. Wannan roƙo ne, magana ce tun kafin harshe ya buɗe. Da muka kunna bidiyon na tsayar mata da shi daidai wurin da ya ɗago ido, ta ce, "Malama, wallahi ban gani ba ɗazu." Gano irin wannan ɗan lokacin shi ne gwanintar, kuma ba a rana ɗaya ido ke koyonta ba.

Dabarar bidiyon daga tsarin PACT na Mancesta a Ingila na ɗauko ta, wato tsarin horar da iyaye sadarwa da yaransu masu galahanga. An gwada shi kan yara 152, aka fitar da sakamako a mujallar likitanci ta Lancet a 2010, da aka sake bibiyar yaran a 2016 aka ga alamomin lalurar sun fi sauƙi ga waɗanda aka horar da iyayensu. Sauƙi na ce, ban ce warkewa ba, kuma haka nake faɗa wa kowa tun ranar farko.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu tallar "maganin galahanga" a Facebook da TikTok. Su haɗa gari a leda, su yi alkawarin yaro zai yi magana cikin sati biyu, iyaye su sayar da kadara su biya. Sai lokaci ya ƙure a kawo mini yaro ɗan shekara bakwai wanda da an kawo shi yana da biyu, da an yi nisa. Addu'a kam muna yi, ni ma ina yi, amma ba ta hana neman ilimi. Akwai kuma masu buɗe wuri bayan bitar kwana uku, su rufe ƙofa su hana uwa ganin abin da ake yi da ɗanta. Duk wanda ya hana ki shiga, ki tambaye shi dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, don haka ba gidanku kaɗai ba ne. Idan yaro ya kai wata 18 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, a fara gwada jinsa a asibiti, sannan a zo mu zauna. Ku taho da mahaifinsa, in kaka ce ke rainonsa ita ma a taho da ita.