Ranar da Baba ya taka zuwa magangarar ruwa

Wata takwas ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. Ƙafar hagu ta dawo, sai dai yana ɗan janta, hannun kuwa har yanzu bai iya riƙe kofi da shi sosai. Likita ta ce maganin da ya rage shi ne tafiya, kullum ya taka ko da daga gida ne zuwa bakin titi. Baba ya ƙi. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin gandun daji, wanda a da yake wuni a ƙafa ba ya jin komai, ya ce shi ba zai riƙa zagaya layi da sanda ba ana yi masa "sannu Baba, ya jiki" a kowace ƙofa. Iyakarsa masallacin ƙofar gida.

Wani tsohon ɗalibina ɗan wajen Dass ne ya ba ni labarin wata 'yar magangarar ruwa a bayan ƙauyensu, inda rafi ke faɗowa daga kan dutse. Ya ce daga inda mota ke tsayawa mai lafiya minti ashirin da biyar zai yi, kuma hanyar kusan duk a shimfiɗe take. Na san idan na ambaci motsa jiki Baba zai kawar da kai, don haka na gaya masa wata gaskiyar daban: jikarsa 'yar shekara tara ba ta san bambancin ɗorawa da kaɗanya ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Wannan abin kunya ne. Ran Asabar sai mu je."

Mun bar Bauchi bayan mun karya, a makon farko na Oktoba. Muka bi ta Yalwa, muka wuce Gwallameji, muka miƙe hanyar Dass. Ba a cika awa ɗaya ba duwatsun Mbula suka bayyana, kore shar saboda damina ba ta gama tafiya ba. Ɗalibin nawa na jiranmu a bakin hanya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya karɓi kular masa da jarkar ruwa daga hannuna, ya ce, "Malam, kai dai ka kula da Baba, kayan nawa ne."

Hanyar ta ratsa gonakin dawa da ta fara nuna, ta sauka gefen fadamar shinkafa, sannan ta bi gaɓar rafin. Ƙasa ce mai tauri da ɗan yashi, babu hawa sai wuri ɗaya kusa da ƙarshe. Baba ya sa takalmin danko, sandarsa a hannun dama, ni ina hagunsa ba tare da na riƙe shi ba, domin ba ya so. Minti goma na farko bai ce uffan ba, ina jin numfashinsa da ƙarar ƙafar da yake ja. Har na fara tunanin ko na yi ganganci.

Sai muka iso gindin wata ɗorawa, ya tsaya ya ɗaga sanda.

"Amarya, zo nan. Wace bishiya ce wannan?"

"Ban sani ba, Kaka."

"Daddawar da ke miyarku daga ina take?"

Daga nan bakinsa ya buɗe. Tun da ciwon ya same shi maganarsa ta yi nauyi, yana jan kalma kafin ta fito, amma sunayen itatuwa ba su yi masa gardama ba. Ya nuna mata kaɗanya, ya sa ta shafa ɓawon, mai kauri da tsaga-tsaga kamar bayan kada, ya ce kaurin nan ne ke sa ta tsira idan gobarar daji ta bi ta kanta. Ya nuna mata kanya, da ɗinya, da marke. Ya tsinko ganyen kalgo ya buɗe mata shi a tafin hannu, gida biyu kamar kofaton raƙumi. Sau uku muka huta a hanya, kuma duk ukun shi ya zaɓi inda za a tsaya, a gindin itacen da yake son yin magana a kansa.

A hutu na biyu ne ransa ya ɓaci. A gaɓar rafin akwai kututture huɗu na ƙirya, saran bai daɗe ba, ga kuma baƙin tabo a ƙasa inda aka turara gawayi. Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙirya itace ne mai tauri da jinkirin girma, shi ya sa masu gawayi da maƙera ke sonta, kuma wanda ya sare waɗannan ba zai ga madadinsu ba a rayuwarsa. Abin da ya fi damunsa shi ne wurin da aka sare su. Saiwar itacen bakin rafi ita ke riƙe gaɓa. Idan ta mutu, ruwan Agusta ya zo ya yanki ƙasar ya tafi da ita, gona ta koma kwari, inuwar da ke hana ruwa saurin ƙafewa ita ma ta tafi. Ɗalibina ya ce gaskiya ne, suna yara rafin nan na kai su har kusan bazara, yanzu kafin sanyi ya gama ya zama zare. Ban ga laifin mai neman abin sawa a baki ba, buhun gawayi kuɗi ne a Bauchi, kuma mu na birni mu ne masu saye. Amma da an bar na bakin ruwa, an tafi can cikin daji.

Kafin mu ga ruwan mun ji shi. Ƙara ce kamar ana zuba tsaba daga buhu, tana ƙaruwa yayin da muke matsowa. Ɗan hawan nan na ƙarshe, taku kamar goma sha biyar a kan fa, shi ne kaɗai inda Baba ya yarda ya dafa kafaɗata.

Duk wanda ya taɓa zuwa Gurara a Neja, ko Matsirga a Kafanchan, ko Farin Ruwa a Nasarawa, zai ce wannan ƙarama ce ƙwarai. Tsayinta bai wuce na mutum uku ba. Ruwan na tahowa a kan shimfiɗaɗɗen dutse, ya rabu biyu a jikin wani ƙaton dutse baƙi, ya faɗo fari fat cikin wani gurbi da ya ƙwaƙule wa kansa. Wani gamji ya kafa saiwa a cikin tsagar dutsen, ya rufe rabin gurbin da inuwa. Feshin ruwan na kaiwa har inda muka shimfiɗa tabarma, sanyinsa na sauka a fuska. Daga ƙasa kaɗan mata biyu na wanki, sun shanya zannuwa a kan duwatsu, can gaba kuma wani yaro Bafillace ya kawo shanu shan ruwa, balbela na biye da su.

Tafiyar minti ashirin da biyar ta ɗauke mu awa ɗaya da 'yan mintoci. Baba ya zauna, ya miƙe ƙafar hagu, ya ce wa jikarsa, "Kin san inda ruwan nan za shi?" Ya zana mata da sanda a kan yashi: daga nan ya shiga Gongola, ya bi ta ƙarƙashin gadar Dindima da muke haurawa in za mu Gombe, ya taru a madatsar Dadin Kowa, ya wuce har Numan ya haɗu da Binuwai, a Lakwaja ya haɗu da Kwara, sai teku. Ya ce ya yi aiki a ƙasar Gombe tun tana cikin jihar Bauchi, kafin a raba a 1996, kuma ya sha tsallaka Gongola a kwalekwale. Yarinyar ta jefa ganyen kalgon nan cikin ruwa, ta bi shi da ido har ya ɓace.

Wanda zai je irin wannan wuri ya ji abin da ɗalibina ya gaya mana. Duwatsun da ruwa ke taɓawa duk gansakuka ce, santsinsu ya fi sabulu, silifa ba ta da amfani a kansu. Kada a bar yara su shiga tsakiyar gurbin, gefe ne kawai ke iya gwiwa. Kuma a riƙa ɗaga kai ana duba saman duwatsu: in hadari ya haɗu can, ko da nan rana ake yi, a tashi. Ruwan da aka yi a tudu yakan iso rafi ba sallama, alamarsa ruwan ya yi ja, ya fara kawo ganye da ƙirare. Shi ya sa ba sa kai baƙo a Agusta. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ne lokacinsa, ruwa na gudu kuma ya washe.

Muka ci masa da miyar taushe, muka tsince ledojinmu har da waɗanda muka tarar. Da azahar ta yi Baba ya ce ba ya son ruwan jarka. Ya matsa bakin gurbin, ya zauna a kan busasshen dutse, ya naɗe hannun riga. Wata takwas ni ko Inna ke zuba masa ruwan alwala. Na miƙa hannu, ya girgiza kai. Ya tsoma hannun hagun cikin ruwa, ya kamfato, rabi ya zube ta tsakanin yatsu, ya sake, ya kuma sakewa, har ya wanke na daman zuwa gwiwar hannu. Ni da ɗalibina muka juya muna kallon shanu.

A hanyar komawa sau ɗaya muka huta. Da muka shiga mota ya ce, "In za mu dawo ka samo mini irin ƙirya, a jiƙa shi a ruwan zafi tukuna, ɓawonsa tauri gare shi." Na ce to, Baba. Washegari da hantsi Inna ta kira ni a waya ta ce ya ɗauki sanda ya fita, wai za shi duba wata tsamiya a bayan makarantar firamare.