Wanda ya tsaya a rana, shi ma a miƙa masa sanda

Ƙannena, tun da ƴan matan Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da gudu biyu, wato maki biyu, a gasar kurket ta duniya a Malesiya, cikin Janairun 2025, wasunku ke tare ni a fada suna tambayar yadda ake haɗa ƙungiya. Wannan tambaya tana faranta mini rai ƙwarai. Sai dai amsarta tana da nauyi a bakina, domin na taɓa riƙe ƙungiyar kurket tsawon kakar wasa guda a garin nan na Damagaram, kuma a hannuna ta watse. Ba rashin kuɗi ya watsa ta ba, ba kuma rashin iya wasa ba.

A Indiya na koyi wasan, lokacin da nake karatu. Da na dawo gida sai na tara samari daga Birni da Zango da Sabon Gari, kafinta ya sassaƙa mana sandunan duka da turakun da ake kafawa a bayan mai duka, kowa yana zuba dala hamsin a mako. Abokan karawarmu ƙungiya biyu ne: ta wasu ɗaliban jami'a, da ta wasu samari da suka yi makaranta a Kano da Zariya suka taɓa wasan a can. Muka shirya mu riƙa haɗuwa ranar Lahadi, oba ashirin-ashirin, wato zagayen jifa ashirin ga kowane ɓangare, irin gajeren wasan da aka ɓullo da shi a Ingila a 2003.

Akwai wani abu a ginin wasan kurket da ya kamata ku gane tun kafin ku kafa turke ko ɗaya. A ƙwallon ƙafa, ko mutum bai iya ba, ƙwallo za ta biyo ta gabansa ya taɓa ta, ya koma gida da gumi da labari. Kurket ba haka yake ba. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, amma biyu-biyu ake shiga duka, bi da bi, kuma na gaba ba ya shiga sai an fitar da wanda ke ciki. Oba ɗaya jifa shida ce, oba ashirin jifa 120 ke nan. In mutum huɗun farko sun iya, su kaɗai za su cinye jifar nan duka, na biyar zuwa na goma sha ɗaya suna zaune a gindin bedi har a tashi. Wajen jifa ma haka: doka ta ba kowane mai jifa oba huɗu, ke nan mutum biyar sun isa su gama aikin. Ku yi lissafi da kanku. Ana iya yin wasa cikakke, yaro uku ko huɗu ba su yi duka ba, ba su yi jifa ba, aikinsu kawai tsayuwa a bakin fili cikin rana suna jiran ƙwallon da wataƙila ba za ta zo ba.

Na san wannan sarai, amma ban auna shi ba. Ni ne kyaftin, ni na fi kowa daɗewa a wasan, don haka ni nake buɗe duka tare da abokina, ni kuma nake jefa oba huɗuna cif. Muka ci wasannin farko, muka doke ɗaliban jami'a da rata mai yawa, na riƙa yawo a gari ina ba da labari. A cikinmu akwai wani yaro mai koyon ɗinki. Shi ke riga kowa zuwa fili, shi ke share ƙarangiya, shi ke ɗauko turaku a kansa tun daga unguwarsu. Wata Lahadi ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, yau ma ba za a kai kaina ba?" Na ce, "Ka yi haƙuri ƙanena, wasan yau da zafi, sai mako mai zuwa." Mako mai zuwa ma wasan da zafi. Duk wasa da zafi yake a wurin kyaftin ɗin da ci kawai ya sa a gaba.

Kun san halinmu. Yaro mai tarbiyya ba zai dubi idon yayansa ya ce ya bar ƙungiya ba. Zai ce maigidansa ya ba shi ɗinkin gaggawa, ko Baba ya aike shi Mirya. Na karɓi uzurin nan kamar gaskiya ne, don karɓarsa ya fi mini sauƙi. Bayansa wasu suka bi, duk daga cikin waɗanda sunansu ke ƙasan takardar jerin masu duka. Ni kuwa maimakon in je gidajensu, sai na shiga aron ƴan wasa daga wata ƙungiyar don cike gurbi, waɗanda suka iya duka, waɗanda ba ruwansu da share fili ko zubin mako.

Ga abin da nake roƙonku. Duk wanda bai samu duka ba a wannan Lahadi, shi zai buɗe duka a mai zuwa, ko da bai taɓa cin gudu biyar ba a rayuwarsa. Wanda ya kai gudu ashirin da biyar ya fito da kansa ya ba wani wuri, in an fitar da kowa sai ya koma. Kowane ɗan wasa ya jefa aƙalla oba ɗaya. Dokokin da kulob ɗin MCC na Landan ke riƙe da su ba za su rushe ba don kyaftin biyu a Damagaram sun zauna kafin wasa sun yarda da ƙa'idar da ta dace da yaransu. Kyaftin kuma ya sa sunansa a tsakiya ko a ƙasa. Za ku sha kashi saboda wannan tsari, wannan babu tantama, wata rana ma mummunan kashi. To, ku tuna cewa a Nuwamban 2024, a Legas, Najeriya ta fitar da ƴan wasan ƙasar Kodebuwa gaba ɗayansu da gudu bakwai kacal, alhali Najeriya ta ci 271. Ta Kodebuwa ƙungiyar ƙasa ce guda, da tuta da riga, kuma ba a ce ta daina wasa ba. A wurin da wasa bai yi saiwa ba, ƙungiyar da ta sha kashi da mutum goma sha ɗaya ta fi wadda ta ci da mutum shida da ƴan aro.

Wajen koyar da jifa ma na karkata ga abin da ke burge ƴan kallo. Yaranmu sun tashi da jifan dutse, hannu a lanƙwashe sannan a miƙe shi da ƙarfi, kurket kuwa ya hana miƙe gwiwar hannu a lokacin sakin ƙwallo, sai dai hannu ya kewayo ta sama yadda yake. Wannan kaɗai yana cin makonni. Ni sai na tsallake shi na riƙa yi musu kirarin ƙarfi. Duk jifar da ta baude nesa da mai duka, gudu ɗaya ne kyauta ga abokan karawa, kuma sai an sake ta. Ranar da samarin Kano da Zariya suka fara doke mu, ƙanwata ce ke riƙe da littafin maki, da daddare ta nuna mini cewa gudun da muka ba su kyauta ya fi ratar da suka ba mu. Ku ajiye murfin bokiti a ƙasa, ƴan taku kaɗan gaban mai duka, kowa ya yi ta jifa har ya riƙa samunsa. Ƙarfi zai zo daga baya. Littafin maki kuma kada ku raina shi, ku ba wanda ya iya lissafi kuma ba ya tsoron faɗa wa kyaftin gaskiya.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Da ƙwallon tanis muka fara, muna naɗe ta da salatif ɗin masu gyaran wuta don ta yi nauyi da santsi. Sai wani ya kawo mini ƙwallon fata daga Kano, ta ainihi, wadda nauyinta ya kusa giram 160, mai tauri kamar goruba. Na ce a raina lokaci ya yi da za a ga kurket na gaske. Ba mu da hular kwano ko ɗaya, kariyar ƙwauri guda biyu ce ake karɓa-karɓa, safar hannu ta yage. Ga filin namu: tsakanin turaku da turaku yadi 22 ne, wajen mita ashirin, kuma ana so wurin ya zama daɓaɓɓe sumul. Namu yashi ne a sama, tsakuwa a ƙasa, kamar yawancin filayen garin nan mai duwatsu. Daɓe yana son jar ƙasa da ruwa mai yawa, ruwa kuwa kun san yadda yake a Damagaram, kuɗin ƴan garuwa ya fi ƙarfin zubinmu. A irin wannan fili ba wanda ya san inda ƙwallo za ta nufa in ta daki ƙasa.

Ni na yi jifar. Ta sauka kan tsakuwa ta tashi ta sami wani yaro ɗan ɓangaren ɗalibai a baki. Leɓe ya tsage, haƙora biyu suka karye. Muka ɗauke shi a kabu-kabu zuwa likita, aka yi masa ɗinki. Da yamma na je gidansu. Mahaifinsa bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, ka taɓa zuwa ka gaishe ni ka faɗa mini irin wasan da kuke yi da ɗana?" Na ce, "A'a Baba, ban zo ba." Ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba. Amma shi ya gama."

Ba zan ce ban sani ba. Na san labarin Phillip Hughes, ɗan wasan Ostireliya, wanda ƙwallo ta sama a wuya a birnin Sidni cikin Nuwamban 2014, ya rasu bayan kwana biyu yana da shekara 25, kuma da hular kwano a kansa. Ƙwararre ke nan, a fili mai kyau, da likitoci a kusa. Ni na ɗauki ƙwallo irin wannan na jefi ɗan mutane da ba shi da komai a ka, don kawai a ce mun girma. Ƙwallon tanis mai salatif ba abin kunya ba ce. A Karachi ta Pakistan aka fara ta, kuma da yawa daga manyan masu jifar ƙasar da ita suka tashi a lunguna. Ku zauna a kanta, ku shimfiɗa tabarmar roba a kan wurin jifa in daɓe ya gagara, har ranar da kuka mallaki hula da kariya da fili na kirki. Kuma duk yaron da bai kai ya riƙe kansa ba, kyaftin ya taka ya je gidansu tun kafin wasan farko, ya durƙusa ya gai da iyayensa, ya nuna musu ƙwallon a hannu.

Bayan wannan rauni zukata sun riga sun yi tsami, sai ga rigimar alƙalanci. Akwai dokar da ke fitar da mai duka in ƙwallo ta sami ƙafarsa alhali da turaku za ta bi. Hukunci ne na ganin ido, ko a manyan wasanni sai an koma ga na'ura. Alƙalin ranar ɗan ɓangaren ɗaliban jami'a ne, ya ɗaga yatsa ya fitar da ni, na tsaya ina musu a gaban yarana. Abin da kyaftin ya yi, shi yara za su yi ninki biyu. Ɗaliban jami'a ba su ƙara amsa gayyatarmu ba. Inda ƙungiyoyi uku ne kacal, ɓata da ɗaya rushe rabin wasanninku ne. Ku ɗauko alƙali daga ƙungiyar da ba ta wasa a ranar, ku jingine dokar ƙafa a shekarar farko, in kuma alƙali ya ɗaga yatsa, mutum ya saɓa sandarsa ya fita ko da yana ganin an zalunce shi.

Lokaci ma mun zaɓe shi ba daidai ba. Mun fara a ƙarshen hunturu, muka afka cikin bazara, watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Ku fara bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ku duba inda azumi zai faɗo kafin ku tsara ranaku. Wasan oba ashirin yana cin wajen awa uku, tsakanin la'asar da magariba ba zai ɗauke shi ba, don haka ko ku yi da safe ko ku rage zuwa oba goma. Ranar hazo ku naɗe ƙwallo da jan salatif, fari ɓacewa yake a ido.

Wasanmu na ƙarshe, wanda zai nuna zakara tsakaninmu da samarin Kano da Zariya, ba a yi shi ba. Su sun zo cif, mu ba mu cika ba, ƴan aron da na dogara da su suna wurin ɗaurin aure. Daga baya na bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri. Wasu sun ce in an sake za su zo. Mai koyon ɗinkin ya karɓe ni da fara'a da ladabi, amma ya koma ƙwallon ƙafa, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Sandunan duka da turaku da littafin maki suna nan a wurina, zan ba duk wanda ya shirya, kyauta. Ya zo mini da sunayen ƴan wasansa da jerin yadda za su riƙa karɓar duka mako-mako, ya kuma faɗa mini iyayen da ya riga ya gaisar. Ƙwallon fatar ba ta cikin kayan da zan bayar.